Ka Tsaya Cikin Hantsi Kafin Ka Tafi Badun

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa hanyoyi kuma Yake tsare mai bin su. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa gare ka, ɗan Hajo. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina gaida gwaggonka da mutanen gidanta duka a can Zagga. Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa albarka a tafiyar karatun da ke gabanka, Ya kai ka Badun lafiya, Ya maido mana kai lafiya.

Na san za ka yi mamaki, don tsakanin Bagudo da Zagga babu nisan da ya isa a ɓata tawada. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗana na fari, kuma tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kiransa ba. Ana yaye ka ƙanwata Hajo ta goye ka ta tafi da kai, daga hannunta makarantar boko ta karɓe ka. In ka zo gaishe ni, kai kana kallon tabarma ni ina kallon bango, a tambayi lafiya, a tambayi ruwa, ka tashi. Haka ubana ya yi da wana, haka na tarar ana yi. Sai dai yanzu akwai magana mai yawa a bakina, ga ka kana shirin tafiya, ni kuma ba zan iya zaunar da kai gabana in faɗa ba. Shi ya sa na jiƙa tawada.

Kada ka yi dariyar rubutun. Da ajami ne, don shi na iya, kuma baƙaƙen sun yi girma kamar na mai koyo. Idon ne. Ciwon nan da ke bin mutanen bakin kogi ya iso kaina, an kai ni asibiti an ɗiga magani, kuma likitan bai ɓoye mani komai ba. Yanzu da hantsi kaɗai nake gani sosai, in rana ta ɗaga ta haska tsakar gida. Da an yi azahar sai yana ta sauko, mutum da turmi su zama ɗaya a wurina. Kullum hantsi nake rubuta abin da ya samu in ajiye sai gobe. Kafin ka dawo hutunka na farko, mai yiwuwa hantsin ma ya tafi.

Hajo ta zo ran kasuwa ta zauna tana ta kewaye-kewaye, har na ce ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Yaya, yaron ga hwa ya ce ba shi tahiya. Wai in idon ya ida ruhewa, wa ka duba maka gona, wa ka ja maka sanda?"

Na ce, "Ki gaya mai nic ce shi tahi. Sanda tawa ta, ni ka jan abata."

To ga shi ina maimaita maka da hannuna. Ka tafi. Gona akwai ƙannenka. Turawa suna haɗa kayansu, an sauke tutarsu an ɗaga tamu, kuma in 'ya'yanmu ba su je sun koyo abin da ake koyo ba, wasu ne za su zauna su yanke mana yadda za mu yi da kogin da muke sha. Na ji daɗin abin da ka faɗa, ba zan ɓoye ba, na daɗe ina juya shi a raina. Amma zamanka ba zai buɗe mani ido ba, baƙin ciki kawai zai ƙara mani.

Guzurin da zan iya ba ka shi ne wautar da na tafka a ƙasar da za ka, don ka kauce mata. Ka san ƙuruciyata a korar shanu ta ƙare. Mu tara garke daga nan Bagudo da Kurgu da Lafagu, mu tsunduma su cikin Kwara, Sarkawa na gefe cikin jiragensu suna tare waɗanda ruwa ya ja, mu fita mu kama dajin Bargu. Wani lokaci mu shiga Dahome ba mu sani ba, sai mun ji ana yi mana tsawa da Faransanci. Daga nan Kayama, Kishi, Oyo, Badun, in kasuwa ba ta yi ba mu zarce har Agege, bakin Ikko. Duk a ƙafa.

Madugunmu na farko wani dattijo ne mai zafin rai, kuma karatunsa ɗaya ne. Yakan ce, "Idonka ƙasa. Ka dubi kohwato, ka dubi kashi, ka dubi maciji, ka dubi gonar doyar mutane. Wanda duk yat tada kai kallon gari, shi ka ɓadda saniya." Gaskiya ya faɗa, da wannan na zama gwani, daga sawu ina gane saniyar da ciwo ya kama tun kafin ta rame. Wautata ita ce da na shiga birni ban ajiye karatun a bakin gari ba. Ka tambaye ni ƙasar Kurmi in gaya maka inda ƙasa take ja, inda take santsi, inda tsakuwa ke cin kofato. Ka tambaye ni abin da ke sama da gwiwa, sai in fara kame-kame.

Ranar da na ɗan ɗaga kan ma abin kunya na jawo. Ina tsaye a kasuwar Kishi sai wani saurayi ya zo da sauri ya zube rub da ciki gaban wani tsoho. Na ce innalillahi, farfaɗiya! Ban yi wata-wata ba na cire marfin gorata na sheƙa masa ruwa a ƙeya. Ya miƙe yana zare ido, tsohon ya riƙe ciki, kasuwa ta ɗauki dariya, mata har da tafi. Ashe gaisuwa ce, haka Yarbawa suke gaida manyansu. Buba Lafagu, abokin tafiyata, wanda ka sani yana ɗingishi yanzu, ya hana ni sakat har muka dawo gida. Duk wanda ya sunkuya ɗaure takalmi sai ya ce, "Riƙe gorarka, Manu, lahiyatai lau."

In ka sauka garin da ba ka sani ba, ka ba hannunka da bakinka hutu tukuna. Abin da ka ga ya yi maka baƙo, ka tambaya kafin ka kai ɗauki. Ka koyi gaisuwarsu da harshensu tun da wuri, ta safe da ta yamma da ta mai aiki, don mutane ne masu son gaisuwa ko fiye da mu. Ban ce ka kwanta ƙasa ba, rusunawarmu ta isa, amma kada ka wuce tsoho a tsaye ƙiƙam don ka sa takalmin makaranta.

Sai maganar masauki. A Badun akwai unguwar Hausawa da ake kira Sabo, kuma al'adar fatake ita ce inda madugunka ya sauka nan za ka sauka, kai da ɗanka a bayanka, ba a canja mai masauki. Namu Malam Tanko ne, Allah Ya jiƙansa, yanzu babban ɗansa ke riƙe da gidan. Mai masauki ubanka ne a can. Shi ke ba ka ɗaki da tuwo, shi ke ajiye kayanka, in rigima ta tashi shi ke tsaya maka, in ka mutu shi ke binne ka. Ka fara sauka can kafin ka shiga makaranta. Uwarka ta ɗaure maka busasshen kifi, rabi nasu ne, ka ce daga Manu na Bagudo. Ka riƙa leƙa su ran Juma'a, don ranar da ciwo ya kayar da kai a san inda kake.

Amma kada Sabo ta haɗiye ka yadda ta haɗiye ni. Can ana Hausa, ana fura, ana kiran salla irin namu, sai mutum ya manta ya bar gida. Ni daga zauren Malam Tanko sai kasuwar shanu, daga kasuwar shanu sai zauren. In na dawo Bagudo aka ce yaya Badun, sai in ba da labarin zauren Malam Tanko, a yi ta jinjina kai. Buba kuwa mayen yawon buɗe ido ne, da an sayar da shanu ba ka ƙara ganin ƙeyarsa. Wata rana ya dawo yana haki.

Ya ce, "Manu, taho in gwada maka abu. Akwai tudu tsakar garin ga, in ka hau, kwano ja har inda sama tat taɓa ƙasa. Wallahi ko Sakkwato ba ta kai rabinai ba."

Na ce, "Kwano ko Yawuri na gani. Bari sai baɗi."

Baɗin ta zo na sake cewa baɗi, har na daina zuwa ban hau tudun ba. Akwai ma shekarar da muka iske an tare mana burtali arewa da gari, an sare kurmi an ja waya ana ta gini. Muka tambaya aka ce babbar makaranta ake yi, wadda babu irinta a ƙasar. Buba ya dogara sanda yana kallo baki buɗe. Ni kuwa masifa nake ta yi, don sai da muka yi dogon kewaye da shanu gajiyayyu, ko kai ban ɗaga ba. Da na san a cikin ɗakunan nan ɗana zai kwana, da na tsaya na kalle su har na haddace, yau in an ce kana ɗakinka in san irin ɗakin. Abin da na riƙe daga makarantarka shi ne wayar da ta yage mani riga.

Saboda haka ka hau tudun tun kana baƙo, kafin gari ya zame maka jiki ka daina ganinsa. A makaranta kuma an ce ɗaki za a ba ka da wanda ba ka zaɓa ba, Bayarabe ko Ibo, mai salla ko mai zuwa coci. Ka zauna da shi da gaskiya. Ka nemi alƙibla ranar farko ka shimfiɗa buzunka ba ɓoyo, shi ma ka bar shi da nasa. Nama ka tambayi wanda ya yanka, sauran abinci ka ci, manja ba ya kisa, barkono ma hawaye kawai yake sawa. Ka riƙa shanya kayanka, can riga na yin fumfuna tana rataye. Kuma kada ka yi wasa da gidan sauro.

Zazzaɓin can ne ya kai ni ga wautar da ta fi ci mani rai a hanya. Wata shekara muka makara, damina ta riske mu kusa da Oyo. Ruwa ya jiƙa ni, na bushe, ya sake jiƙawa, jiki ya ɗauki rawa har na kasa riƙe sanda. Garke ba ya jiran mutum. Buba ya ja ni zuwa barandar wani gida a bakin hanya, ya yi wa matar gidan ɗan Yarbancinsa, ya bar ni ya bi shanu. Bayarabiya ce mai sayar da koko, mijinta tsoho tukuf. Ta sa aka shigar da ni ɗan ɗakin da take ajiye masara, ta shimfiɗa mani tabarma.

Na ƙi cin abincinta. A zango an cika mana kunne cewa ba a cin na wanda ba a sani ba, ni kuma na riƙe maganar da hannu biyu. Ta kawo na juya baya, ta sake kawowa na rufe ido. Sai ta ɗauko murhunta ta girka a ƙofar ɗakin, ta dama kokon a gabana, ta yi bisimilla da ƙarfi don in ji, ta kurɓa daga ludayin, ta turo ƙwaryar. Iyakar Hausarta ita ce, "Mala, sha." Na sha. Ta biyo da wani jiƙo mai ɗacin tsiya, shi ma, "Mala, sha." Haka ta yi ta yi har na tashi.

Duk kwanakin nan ban dubi fuskarta ba, don matar mutum ce, ni kuma ɗan mutunci ne a ganina. Ƙafafunta na sani. Ƙaramin yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi, akwai tsohon tabon ƙuna a idon sawu, gefen zanenta shuɗi. Ranar da na ji ƙarfi ta tafi kasuwa, hankalina kuma yana kan garke. Na bar sallahu wurin tsohon da ba ya jin Hausa, na ɗauki sanda na bi sawun shanu. Ko sunanta ban tambaya ba, na ce baɗi na zo in gode mata yadda ya kamata.

Baɗi na zo da gorar man shanu da sabuwar tabarma saƙar Zagga. Na iske an faɗaɗa hanya an zuba kwalta, an rushe barandun bakin titi, gidajen duk sun koma kama ɗaya. Na shiga kasuwa ina bin layin masu koko, kaina a ƙasa, ina leƙen ƙafafun matan mutane ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙiyasta ƙato da sanda da malfa yana wannan aiki. Wata ta ɗaga muciya, wata ta watso mani ruwan wanke-wanke, Buba ya finciko ni yana cewa, "Mi kaka biɗa ƙasa, allura ka yada? Taho kahin su kashe mu!" Wa ya sani, ko na wuce ta gabanta ranar ta sa takalmi. Man na kai masallaci sadaka da niyyarta. Har yau ina sa ta a addu'a ba ni da sunan da zan kira, sai in ce mai koko ta hanyar Oyo.

Duk wanda ya ba ka wurin kwana a ƙasar mutane, ka dube shi ka shaida shi. Ka tambayi sunansa da na gidansu da na unguwa. Ka yi godiya da bakinka kafin ka ɗauki jaka, ko da Hausa ce bai ji ba, zai gane. Kunya tana da wurinta, ni ne zan fara gaya maka, amma ba a ce ka fita gidan wanda ya yi jinyarka ba ka san kamanninsa ba.

Wautata ta teku kuwa ka riga ka san rabinta. Na taɓa shiga cikin Ikko daga Agege don in sayo wa uwarka atamfa. Na hau doguwar gadar nan hannuna dafe da aljihu, na saci kallo gefe na ga ruwa kwance luf, da jiragen masunta a kai, ga ɗaya gaɓar ana hangowa. Na ce a raina, yo wannan ce tekun da ake ta zuzutawa? Kwara in ta cika ta shafe fadama ai ta yi wannan. Na sayi atamfa na juya. Shekara da shekaru ina baza labarin a majalisa, har mutanen Kurgu suna kafa hujja da ni, wai Manu ya gani da idonsa. Sai da ka yi nisa a makaranta ka ji ana faɗa. Ka kasa gaya mani, ka gaya wa gwaggonka, ita kuma ta kawo mani har gida tana dariya.

"Yaya, ɗana ya ce abin da kag gani ba teku ba ta. Wai tabki na, tekun tana baya, in ka ƙara tahiya kaɗan."

Na yi fushi na ce 'yan boko sun fiye iyayi. Amma na keɓe Buba na tambaye shi, ya ce gaskiya ne, shi ya je. Ya ce ruwa ne mai tasowa tsaye ya faɗi da ƙara, ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ya bar ni ina ta bazawa ne don abin yana ba shi dariya. Na ƙudura in na koma sai na gani. A shekarun ne aka shiga loda shanu a jirgin ƙasa da manyan motoci, korar ƙafa ta ja baya, gwiwa ta fara ciwo, sannan ido. Abin da ya rage tsakanina da teku bai fi daga gidanmu zuwa bakin kogi ba, na juya da atamfa a hammata. Wallahi ina jin kewar ruwan nan, ni da ban taɓa ganinsa ba.

In an ba ku ɗan hutun da bai isa zuwa gida ba, kada ka kwanta a ɗaki. Ka bi abokin karatu garinsu, babu masaukin da ya fi wannan, ka riƙe wa uwarsa tsaraba. Ka je Abekuta ka hau dutsen da Buba ya ce gari ya raɓe a gindinsa. Ka je Ife, inda aka ce za a kafa wata babbar makarantar. Ka je Ikko ka ƙetare gadar, kada ka tsaya sai ƙasa ta ƙare. Garin da ba ka da kowa ka shige shi da sauran rana, ka nemi masallaci, daga nan za a nuna maka zango. A mota kada ka zauna kan ƙofar baya don shan iska, a jirgi kada ka ba wanda ba ka sani ba riƙon akwati, kuma wanda ya fi kowa fara'a a tasha shi za ka fi yi wa hattara. Tekun ma kallo na ce, ban ce wanka ba, iyon da ka koya a Kwara ba ya aiki can. In ka gan ta ka adana mani ƙararta da warinta da yadda yashin yake a tafin ƙafa, don da kunne zan karɓa.

Saura ɗaya, kuma ita ce ta sa na jiƙa tawadar tun farko. Sauran duk kewaye-kewaye ne irin na Hajo.

Jiya na zauna ina tuna abin da na sani naka. Na san muryarka, na san takunka tun daga zaure. Na san ƙeyarka, don in ka juya za ka fita nakan saci kallo. Na san tabon lauje a ƙwaurinka na dama, da yadda kake tsayawa ka karkata ƙafa ɗaya waje kamar ubana. Fuskarka ban sani ba. Ta jariri na sani, ita ma daga nesa, a bayan Hajo. Hajo ta ce goshin ubana ka ɗauko, Buba ya ce hancin dangin uwarka ne, ni kuwa sai in yi gyaran murya in kawar da maganar kamar ba ta dame ni ba. Ba ƙi ba ne, Allah Ya sani, babu wanda nake so sama da kai. Kunya ce, kuma na ɗauka akwai lokaci, wata rana in ka yi iyali na tsufa sai in kalle ka son raina. Baɗi dai na ce, yadda na ce wa tudun Badun.

Kasuwar da ta wuce na je Zagga wai zan taya maraƙi. Ba maraƙi ya kai ni ba. Jaki ya yi mani nawa, ban isa ba sai bayan azahar. Hajo ta gane, ta matso ta ce a hankali, "Ga shi can gindin ɗorawa, shi da abokainai." Na duba na ga fararen riguna a tsaye, na gyaɗa kai kamar na gani. Ban san wanne ne kai ba. Na sayi maraƙin don kada a ce na zo banza, na ja shi gida, kuma baƙin cikin da na ji a hanya ban ji irinsa ba ko ranar da Kwara ta cinye mani shanu.

To ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Ranar da za ka zo sallama, kada ka zo da asuba yadda matafiya suke yi. Ka zo da hantsi. Maraƙin yana ɗaure gindin rumbu, inda rana ke fara sauka. Ka gaishe ni yadda ka saba, sannan ka je ka tsuguna ka kwance masa igiya, fuskarka wajen gabas, ka ɗan ture hula baya. Ni zan jawo buzuna kusa, in ba rana baya, in yi kamar maraƙin nake dubawa. Ba sai ka ce komai ba, ni ma ba zan ce ba, kuma babu wanda zai ce mun karya al'ada. In mota ta tashi ta bar ka, wata na zuwa.

In ka dawo hutu ka ɗaga murya da sallama tun daga waje, ka zauna kusa, ka fara da teku. Ina so in kana magana in san fuskar da maganar ke fitowa.

Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, a mota da jirgi. Ya haɗa ka da masauki nagari da abokin zama nagari, Ya raba ka da zazzaɓi da mugun ji da mugun gani. Ya buɗe maka karatu, Ya riƙe maka sallarka, Ya nuna maka abin da ban tsaya na gani ba, Ya maido ka ka iske mu da rai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mani. Amin.

Igiyar maraƙin ni na ɗaure ta da hannuna, ƙulli bisa ƙulli, irin wanda muke yi wa fitinannen sa a dajin Bargu. Za ta ɗauke ka lokaci. Kada ka sa wuƙa.

Mahaifinka,
Manu, a Bagudo.